Shafi na Bakwai

Hoto na goma sha huɗu ne ya tsayar da ni. Ranar Litinin ce, sakataren ƙungiyar Yaya ya turo mini hotunan da za su shiga rahoton shekara, ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya ina tsaki kamar yadda na saba. Wannan ya yi duhu, wancan an yanke wa mutum rabin kai. Sai ga wani fes da shi: farar mota sabuwa dal, tambarin ƙungiya a gefenta, sararin sama garau a baya. A ƙarƙashinsa Sakatare ya rubuta, "Motarmu ta duba ido a bakin aiki."

Na san motar nan. Ni na yi ta.

Sana'ata ke nan, zana tambari da tsara takardun talla ga 'yan kasuwa da ƙungiyoyin agaji. Idan na zana wa mutum tambari ba na miƙa masa shi haka nan a kan farar takarda, don ba zai gane komai ba. Sai in samo hoton shago ko riga ko mota, in ɗora tambarin a kai a kwamfuta, ya ga yadda abin zai fito in an yi shi da gaske. Samfuri muke ce masa. Wannan motar a intanet na samo ta bara. Hagu take kallo, ni kuma dama nake so ta kalla, sai na juya hoton, sitiyari ya koma ɓangaren da ba nasa ba. Layin da ke ƙarƙashin tambarin ya bi ta kan mariƙin ƙofa ya wuce sumul, abin da fenti ko sitika ba za su taɓa yi ba. A kusurwar ƙasa kuwa na rubuta SAMFURI da ja. Na ƙara girman hoton da Sakatare ya turo, na duba kusurwar. An yanke ta.

Wannan ba ƙungiyar kowa ba ce, ta Yaya ce. Ita ta raine ni tun ina aji uku, bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma har zuwa lokacin, da nake da 'ya'ya biyu, Auta take kirana. Shekara ashirin da shida ta yi tana jinyar masu ciwon ido a asibiti. Da ta yi ritaya ta kasa zama, ta kafa ƙungiyar kai wa tsofaffi gwajin ido da tabarau har inda suke, ita ce kuma shugabarta. Ni na zana musu tambari kyauta, ido buɗe da hasken rana yana fitowa ta samansa. Wata biyu na yi a kansa. Na haɗa musu da ɗan littafin ƙa'idoji mai shafi goma sha biyu, kuma shafi na bakwai shi ne abin alfaharina. A nan na jera abubuwan da ba a yi wa tambari, kowanne da jan gicciye a kansa: kada a ja shi, kada a matse shi, kada a sauya masa launi, kada a ɗora shi a kan komai in ba fari ba, kada a zana shi da hannu.

Ba na musu, ina da zafi a kan aikina. Ranar buɗe ofishinsu Sakatare ya ja tambarin don ya cika ƙyallen da aka rataye a ƙofa, idon ya yi tsawo kamar mai jin barci. Kafin baƙi su gama zama na sa an sauke shi. Na kuma ce masa, a gaban mutane, in shafi ɗaya ya gagare shi karantawa ya nemi mai karanta masa. Mutum ne mai furfura a gemu, ya girme ni nesa ba kusa ba. A lokacin gani nake gaskiya na faɗa.

Ina zaune ina kallon hoton sai wani abu ya faɗo mini a rai. Wata takwas ke nan da aka ce masu tallafi sun saya musu mota, kuma ban taɓa ganinta da idona ba. Ni da ko katin gayyata ba a bugawa sai na gani, an yi wa mota guda ado ba a neme ni ba?

Na sauka ƙasan benen ofishina wurin mai injin buga takardu, wanda duk aikin ƙungiyar ta hannunsa yake bi.

"Ka taɓa buga wa su Yaya sitikar mota?"

Ya ɗago daga kan injin yana goge hannu. "Sitikar mota? Ban taɓa ba. Sun kai wani wuri ne? To wallahi ba su kyauta mini ba."

Na koma sama na kira Sakatare.

"Malam, hoton motar nan wa ya ɗauka?"

"Wanne daga ciki, Malama?"

"Mota nawa gare ku?"

"Eh to, Shugaba ce ta ce a sa shi."

"Ina motar take yanzu?"

"Ta fita aiki."

Ban yi wata-wata ba na ɗauki jaka. Ofishin nasu ɗaki biyu ne a bayan wani kantin magani, da allon gwajin ido a bango da kwalayen tabarau jibge har kusa da fanka. A kan benci a bakin ƙofa na tarar da direbansu yana yanke farce hankali kwance.

"Sannu Direba. Motar ta fita aiki ta bar ka?"

Ya miƙe zumbur, abin yanke farcen ya faɗi. "Tana gareji, ranki ya daɗe. Birki ne."

"Wane gareji?"

"Can... can gaba."

Ta taga na hango Sakatare yana yi masa alama da hannu, da muka haɗa ido ya mayar da hannun kan hularsa kamar gyara ta yake yi. Na dubi filin da ke gaban ofis, inda ya kamata mota ta riƙa kwana. Ciyawa ta fito ta kai idon sawu, babu sawun taya ko ɗaya, wani ma ya ɗaura igiyar shanya.

Tun daga ranar na shiga zargi, kuma zargi mugun abu ne, duk abin da ka kalla sai ya ba ka hujja. Da farko Sakatare na ɗora wa, don shi ne mai sauƙin ɗora wa. Na ce shi da Direba suka haɗa baki suka sayar da motar, suka rufe Yaya da hoto. Amma Yaya ba yarinya ba ce, kuma kullum tana ba ni labarin tafiye-tafiyensu. A me take zuwa? Na koma kan mijinta, bawan Allah da ko ƙofar ofis bai sani ba. Duk inda na zaga sai in dawo kan maganar Sakatare: Shugaba ce ta ce a sa shi.

Ranar Asabar muna cin abincin rana a gidanta, haka muke yi shekara da shekaru. Na je da yarana. Ina shiga idona ya sauka a kan sabon firiji. Na san babban ɗanta ne ya saya mata, ina nan aka sauke shi, amma sai da na tsaya ina kallonsa kamar yau na fara gani. Na kalli labule, na kalli zoben hannunta. Na ji kunyar kaina ta kama ni, amma ban daina kallon ba.

Sai da yara suka fita tsakar gida na ce, "Yaya, hoton motar nan da aka turo mini, ba za a samu wani ba?"

"Me ya same shi? Ai ya yi kyau."

"Ina so in zo in ɗauki sabo da kaina. Yaushe za ta kasance a ofis?"

Ta ƙara mini abinci ba tare da na nema ba. "Ke dai Auta ba ki rabo da neman aiki. Ki sa wannan ɗin kawai, lokaci ya ƙure. Ci, ya huce."

Mijinta ya sunkuyar da kai yana ta juya cokali a faranti, sannan ya ce bari ya duba yara, ya fice. Yaya ba ta iya ƙarya ba, shi ya sa in ta yi sai ta kasa kallon mutum. Ranar ba ta kalle ni ba har na tafi. A mota na yi kuka, ƙaramar 'yata tana tambayata ko yaji ne ya shiga idona.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne da hannuna aka yi abin. Rahoton nan mutanen da suka ba da motar za a aika wa, kuma a bangon baya, da ƙananan haruffa, sunana zai fito a matsayin wadda ta tsara. Duk mai sana'ata da ya kalli sitiyarin nan zai gane a minti ɗaya. Amma in faɗi gaskiya, ba sunana ne ya hana ni sukuni ba. Tsoro nake kada matar da ta wanke mini kayan makaranta da hannunta ta zama ba yadda na san ta ba.

Ranar Litinin na je wurin shugaban kwamitin amintattun ƙungiyar, tsohon likitan ido da Yaya ta yi aiki a ƙarƙashinsa. Kowa Likita yake ce masa. Gwiwa ta hana shi yawo, a gida ake kai masa takardu ya sa hannu. Hujjata ita ce karɓar gabatarwar da zai rubuta wa rahoton. Na karɓa, na sa a jaka, na miƙe, sannan na sake zama.

"Baba Likita, ka taɓa ganin motar nan da idonka?"

Ya yi dariya. "Da wace ƙafar? Na ga takardunta dai. Me ya faru?"

Da na yi shiru na tafi a nan, da ban ba ku wannan labarin ba. Sai na buɗe kwamfuta na jera masa hotuna biyu, samfurina da nasu. Na nuna masa sitiyari, na nuna masa mariƙin ƙofa, na nuna masa inda aka yanke jan rubutun. Bayani na yi masa tiryan-tiryan, har da ɗan jin daɗin wanda ya iya aikinsa. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"Kin yi mata magana?"

"Na gwada."

"To," ya ce.

Washegari da ƙarfe bakwai na safe na ajiye motata nesa kaɗan da ofishinsu na zauna a ciki. Ban san me nake jira ba. Can sai ga Direba da Sakatare sun fito, kowanne da kwali a ka, suka bi ta bayan kantin magani a ƙafa. Na bi su daga nesa, ina raɓewa jikin katanga kamar marar gaskiya, ni da takalmi mai tsini. Suka wuce layi biyu, suka shiga wani fili da ake buga bulo.

A can ƙarshen filin, bayan tulin yashi, mota na tsaye.

Ba fara ba ce, ruwan toka ce, kuma ta ga duniya. Gefenta ɗaya ya lotsa, an ɗaure madubin da waya. Ƙofar baya a buɗe take, na hango kujerar gwaji an kafe ta da ƙusoshi, da na'urar duba ido a lulluɓe da tawul, da allon haruffa irin na ofis. Tayoyinta sun yi jajir da laka. A jikinta kuwa, da fentin gida, wani ya zana tambarina da hannu. Ya ja shi, ya matse shi, shuɗin ya koma kore, hasken ranar ya zame ya koma gefe ɗaya. Duk abin da shafi na bakwai ya hana, an yi shi a wuri guda. Abin da ya fito ba ido ba ne. Kifi ne, har da wutsiya.

Direba ne ya fara ganina. Ya saki baki ya ce, "Innalillahi, Shafi Bakwai!" sannan ya toshe bakin da hannu. A ranar na san sunan da suke kirana da shi.

Yaya ta sauko daga cikin motar, da jerin sunaye a hannunta. Ta dube ni tun daga takalmi har ɗankwali. Wannan karon ba ta kawar da kai ba.

"Kin ga motar," ta ce.

"Yaya, me ya sa..."

"Tsohuwa muka saya don kuɗin ya isa har da na'ura, Likita ya sa hannu a kan haka. Kin ce tambari sai a kan fari, sai kuma sitika. Fentin mota gaba ɗaya sati biyu ne a gareji, mu kuwa akwai masu jiranmu. Abokin Direba ya ce zai zana mana kyauta, ya yini a rana yana yi. Da na ga abin da ya fito na ce shi ke nan, in Auta ta gani za ta ci mutuncin bawan Allah, ita ma kuma ranta zai ɓaci, wata biyu ta yi a kan idon nan. Na ce a riƙa ajiye ta a nan har mu samu sarari mu gyara. Sararin ne bai zo ba."

"Kuma yanzu ba ta gyaruwa," Direba ya sa baki a hankali. "Duk inda muka shiga, mai kifi suke cewa. Tsofaffin da ba sa ganin rubutu suna hango kifin. In aka goge ba za su fito ba."

Na rasa inda zan sa kaina. Wani sanyi ya ratsa ni, na farin ciki. Akwai mota. Yaya Yaya ce. Amma bakina bai san ya yi shiru ba.

"Duk da haka bai kamata a sa samfuri a rahoto ba. Ƙarya ce, Yaya. Mutanen nan za su ɗauka ita suka saya."

"Gaskiyarki," ta ce. "Wannan laifina ne. Duk hoton da muka turo miki sai kin ce bai yi ba, na ga wannan ne kaɗai ba za ki ƙi ba, tunda ke kika yi shi. Na yi wauta, kuma zan faɗa wa Likita da bakina. Ƙarfe goma zan kai masa motar."

"Wurin Likita?" na ce.

"Jiya da la'asar ya kira ni," ta ci gaba, muryarta ba ta tashi ba. "Ya ce kada motar ta sake fita sai kwamiti ya zauna. Ya ce in kawo ta ƙofar gidansa ya gani da idonsa, in akwai ta. In akwai ta, haka ya ce. Shekara ashirin na yi ina miƙa masa almakashi a ɗakin tiyata, bai taɓa ce mini kawo in gani ba." Ta ɗaga takardar hannunta. "Mutum talatin da ɗaya ne ke jiran tabaransu yau. Sakatare zai bi su a waya ya ba su haƙuri, waɗanda ke da waya."

Sakatare ya juya baya yana gyara kwalin da ba ya buƙatar gyara.

"Ya ce hoto biyu aka nuna masa," in ji Yaya. "Na biyun, in ka cire mu, mutum ɗaya ke da shi a duniya."

"Yaya, na tambaye ki ranar Asabar..."

"Kin tambaye ni hoto. Ba ki ce mini, Yaya, ina zargin kin cinye mota ba. Da kin faɗa, da na kama hannunki na kawo ki nan kafin abinci ya huce." Ta ninke takardar biyu. "Yaushe kika gane hoton?"

"Ranar Litinin ta wancan satin."

Ta lissafa da yatsu, a hankali, yadda take yi tun ina ƙarama. "Kwana tara. Har da Asabar a ciki. Kina zaune a kan tabarmata, ina zuba miki abinci, kina kallon firijina."

Ashe ta gani. Na ce zan bi ta wurin Likita in yi bayani, na ce zan kira mutanen talatin da ɗaya da kaina, na ce zan sake tsara littafin in cire shafin gaba ɗaya. Ta bar ni na gama.

"Kina da abin ɗaukar hoto a jakarki?"

"Akwai waya."

"To ɗauki na gaskiyar, ki sa a rahoton."

Na ja da baya na ɗaga wayar. Na ce ta tsaya a jikin motar, ai ita ce ƙungiyar. Ta matsa gefe, ta fita daga hoton. Na ɗauki kifin shi kaɗai, da lotsattsen gefe da madubin da aka ɗaure da waya.

Direba ya tayar da mota. Yaya ta zagaya ta shiga gaba, ta ja ƙofa sau biyu kafin ta kama. Ina tsaye a tsakiyar hanyar fita ban ma sani ba. Ta sauke gilashi ta leƙo.

"Malama mai zane," ta ce, "a ɗan ba mu hanya."

Kwamiti ya zauna bayan sati guda, ya wanke ta, mota ta koma aiki. Rahoton ya fito da kifin a bangon gaba, kuma masu tallafi sun ce ba su taɓa samun wanda ya fi shi ba. Har yanzu ina zuwa ranar Asabar. Tana yi mini sannu da zuwa, tana zuba mini abinci, tana wasa da yarana. Wata biyar ke nan ina sauraron ranar da za ta manta ta ce Auta, ba ta manta ba.